Kwalbar Shaida

A gida sunana Auta, a wurin aiki Mai Wanki. Na biyun Yayana ne ya raɗa min, ranar da ya fara leƙowa ɗakin gwajinmu ya tarar da ni sanye da safar hannu ina ɗauraye kwalabe. Ya koma gida ya shaida wa Inna cewa duk bokon Auta a wanke-wanke ya ƙare, bambancinta da 'yar aiki farar riga ce kawai. Da yake a gaban masinja ya fara faɗa, sunan ya zauna daram a ofis. Shekara goma sha bakwai ke nan ban taɓa musa masa ba, don wankin nake yi.

Aikina shi ne shirya nama kafin a auna ƙarfen da ke cikinsa. Hantar kifi, ƙodar saniya, gashin mutum, duk abin da aka kawo ana zargin ya sha dalma ko wani ƙarfe mai cutarwa, ta hannuna yake bi kafin ya isa inji. Abin da ake nema ɗan mitsitsi ne, kamar ƙwayar gishiri ɗaya a tankin ruwa, saboda haka komai na iya ɓata shi. Zoben hannu na ɓata shi. Hodar da ke cikin safar hannu mai araha akwai tutiya a ciki. Kwalli kuwa ba a ma maganarsa, rabona da shi ranar aiki tun ina amarya. A ɗakina ko ƙusa ba ta fito fili ba: teburin roba, farantin roba, wuƙar tangaran fara tas wadda in ta faɗi ƙasa ta tashi aiki. Kwalabe suna kwana biyu a cikin asid, in ɗauraye su sau biyar da tataccen ruwa, in kife su su bushe da kansu ba tare da tsumma ya taɓa su ba.

Duk ranar da na shirya nama, akwai kwalba ɗaya da ba na sa mata komai. Tana bin duk hanyar da 'yan uwanta suka bi, asid ɗaya, ruwa ɗaya, zafi ɗaya, duk abin da ya taɓa naman sai ya taɓa ta. Muna ce mata kwalbar shaida. In inji ya sami ƙarfe a cikinta, to daga hannuna ya fito, ba daga naman ba, aikin ranar gaba ɗaya ya tafi kwandon shara. A ƙasan kowace takardar sakamako kuma akwai layi biyu na sa hannu, ɗaya na shugaba, ɗaya na wanda ya shirya naman. Idan na sa hannu a na biyun, rantsuwa na yi cewa lambar da ke sama ta naman ce. Ba ni da mota, ba ni da ofis mai labule. Wannan layin nake da shi, kuma tun da na fara aiki ba a taɓa dawo min da takarda ba.

Yaya mutum ne mai son abin da ke sheƙi. Takalminsa na sheƙi, agogonsa na sheƙi, har goshinsa. Da ya bar aikin ofis sai ya gina tafkunan siminti shida a bayan gari, kusa da wani rafi, ya zuba kifi, ya kafa allo da sunansa wanda ya fi ƙofar gonar girma. A saman rafin akwai wata 'yar masana'anta da ake shafa wa sassan babur da marikin ƙofa ruwan ƙarfe su yi ƙyalli, shi ya sa ake ce wa mai wurin Mai Ƙyalli. Ma'aikatansa ba su fi goma ba. Shi da Yaya ba sa ga maciji tun wata rigima da suka yi a kan inda ake ajiye mota.

Wata Lahadi da safe Yaya ya kira ni. Da na ga sunansa a waya na san ruwa ba ya tsami banza, don rabonsa da kirana tun sunan autata. Ya ce kwana uku ke nan kifinsa na mutuwa, Mai Ƙyalli ne ya sako masa guba ta rafi, in zo yanzun nan da kayan aikina. Kayan aikin Mai Wanki dai yau sun yi rana.

Na je. Kifayen na shawagi a saman ruwa suna haki, wasu sun riga sun juya farin ciki sama. Amma abin da ya fara ɗaukar idona ruwan ne. Ruwan tafkin kifi kore ne, mai duhu, wannan kuwa garau yake har kana hango siminti a ƙasa, da ɗan shuɗi-shuɗi. Na tambaye shi me ya yi wa ruwan. Ya gyara tsayuwa ya ce wasu manyan baƙi yake sa ran za su zo ganin gonar, ba zai bari su tarar da ruwa kamar na kwata ba, shi ne ya sayo shuɗin garin nan mai kashe gansakuka ya zuba. Na ce nawa ya auna. Ya ce shi ba ɗan koyo ba ne da zai tsaya awo, da kwano ya ɗiba, kuma kada in kawar da zance, ga mai laifi can a saman rafi. A gefen sito na ga buhun garin a yashe, babu komai a ciki.

Ban ja da shi ba, domin zato ba aikina ba ne. Na ciro ledoji shida daga jakata, masu kauri, masu zif, waɗanda na wanke da asid da hannuna. Na yi masa bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro ɗaura igiyar takalmi: kifi ɗaya daga kowane tafki, a sa shi a leda yadda yake, kada a fede, kada wuƙa ta taɓa shi, kada a ɗora shi a kan ƙarfe, a sa a ƙanƙara, a kawo min hannuna. Yana gyaɗa kai yana duba agogo. Matarsa ta raka ni bakin titi, a hanya take ce min su tun ranar farko Yaya ya hana a dafa kifi a gidan, har tukunyar ya sa an canza.

Washegari da yamma, na dawo aiki ke nan, sai ga direban Yaya a ƙofar gida da kifi biyu manya, kowanne a cikin ledata. Na ji daɗi, na ce ashe wani lokacin yana jin magana. Na tambayi direban ina sauran huɗun. Ya ce ai waɗannan ba na gwaji ba ne, Oga ya ce a kawo wa yara su ci, yana gaishe su. Ledojin kuwa Oga ya ga suna da kyau, ya ce sun fi dacewa da kyauta. Na ce daga wane tafki. Ya ce an kwashe tafkunan duka an haɗa, tunda 'yan kasuwa sun ji labari sun ƙi saye. Bai tsaya shan ruwa ba, ya ce yana da sauran wuraren zuwa.

Na daɗe tsaye a bakin ƙofa riƙe da kifin. Mutumin da ya canza tukunya a gidansa shi ne ya aiko wa 'ya'yana wannan, har da gaisuwa. Raina ya ɓaci sosai, amma ban yi mamaki ba, na san shi tun ina rarrafe. Na rubuta kwanan wata a jikin ledojin, na tura su can ƙasan firiza, na gargaɗi kowa a gidan kada ya taɓa.

Na gwajin kuwa ba su biyo ta hannuna ba sam. Yaya ya ga ba girmansa ba ne ya kai kaya wurin Mai Wanki alhali akwai shugaba a wurin. Shugabanmu Dakta ne, wata takwas da zuwansa. Yana da takardun shaida guda biyar a bango, kowacce da firam ɗin zinare, kuma har yau bai san inda makunnin injin busar da nama yake ba. Ranar da ya fara shiga ɗakina da agogon ƙarfe da turare na roƙe shi ya tsaya daga bakin ƙofa, tun daga ranar yake min kallon tsohuwar da ke camfa abubuwa. Ya taɓa faɗa a taro cewa ilimi ya wuce zamanin jiƙa kwalba kwana biyu.

Ranar Talata an aike ni babban sito karɓo asid, aikin da ke cin yini guda. Abin da ya faru a bayana Mai Inji ne ya ba ni labari, mutumin da ke kula da na'urar awo, wanda muka fara aiki shekara ɗaya da shi. Ya ce Yaya ya iso da ƙarfe goma cikin babbar riga, direba na biye da shi ɗauke da wani kwanon silba mai murfi, irin wanda ake fitarwa in an yi baƙi. A ciki hantar kifi ce tuli guda. Yaya ya sa an fede kifayen tun ranar Litinin da sabon saitin wuƙaƙensa, ya ce don ya rage wa ma'aikata wahala, sun kwana a kwanon cikin jininsu. Dakta ya yaba da tsabtar kwanon. Suka sha shayi, suka gano cewa sun san mutane iri ɗaya, sannan Dakta ya ce irin wannan aiki mai muhimmanci da kansa zai yi.

Mai Inji ya ce Dakta ya sa farar riga ya bar maɓallan a buɗe, ya aika aka ɗauko injin markaɗe na ɗakin shayi, mai wuƙar ƙarfe a gindi, wanda muke niƙa 'ya'yan itace da shi. Ya juye hantar ciki, ya kunna, ya bar shi yana ta ihu har jikinsa ya yi zafi, don a cewarsa a nan sirrin yake, naman ya yi laushi. Yaya na gefe yana ɗaukar hoto. Da Mai Inji ya yi ƙarfin hali ya tambayi kwalbar shaida, Dakta ya ɗauki wata kwalba daga cikin nawa, ya tsiyaya mata asid kai tsaye daga tulu ya miƙa masa. Ba ta ga kwanon silba ba, ba ta ga injin markaɗe ba. Shaida ce da ba ta wurin lokacin da abin ya faru.

Sakamako ya fito ranar Alhamis. Kuromiyam da nikel sun yi tashin gwauron zabo, su ne kuma ainihin ƙarafan da Mai Ƙyalli ke aiki da su. Su ne dai kuma ake haɗa wuƙar da ba ta tsatsa da su, amma wannan ba wanda ya tambaye ni. Dakta ya kira ni ofis, karo na farko da ya ce in zauna. Ya turo min takardar, ya riga ya sa hannu a layinsa da wani sa hannu mai jela har tsakiyar shafi. Ya ce hukumar da ke kula da ruwa za ta zauna ranar Litinin, da wannan takardar za a rufe masana'antar, kuma ba sa karɓar takarda sai da hannun wanda aka yi wa rajistar shirya nama, wato ni.

Na ce ban shirya wannan naman ba.

Ya yi murmushin da ake yi wa marar lafiya. Ya ce ai ƙa'ida ce kawai, kuma in tuna ɗan uwana nake taimaka wa. Na ce ya ba ni zuwa Litinin da safe. Ya ɗauka kunya ce ta ƙananan ma'aikata, ya ce in tafi da takardar in yi tunani.

Ban yi tunani ba, aiki na yi. Na wanke injin markaɗen nan tas, na zuba masa tataccen ruwa da ɗan ɗigon asid, ba kifi ba komai, na kunna shi tsawon lokacin da Mai Inji ya ce Dakta ya kunna. Na juye ruwan a kwalba na ajiye. Washegari na zo da kifin 'ya'yana a cikin kular ƙanƙara. Na cire ɗan kunnena a bakin ƙofa, na sa safa, na shimfiɗa farantin roba. Na fede na farko da wuƙar tangaran, na ciro hanta daban, matsefin numfashi, wato jan abin nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, shi ma daban, na yanki tsoka daga gadon baya inda fata ba ta taɓa ba. Na canza safa da faranti kafin na taɓa na biyun. Kowane yanki na ɗauraye shi da tataccen ruwa, na busar da shi a zafi kaɗan-kaɗan, na daka a turmin dutse mai santsi, na auna rabin giram, na zuba asid, na rufe, na sa a injin narkarwa har ya koma ruwa garau mai ɗan rawaya. Kwalbar shaidata na biye da su taki-taki, har turmin sai da na ɗauraye a cikinta. Rabona da jin daɗin aiki irin na ranar na manta, kuma na san haushi ne ke tuƙa ni.

Mai Inji ya sadaukar da safiyar Asabar ɗinsa ya auna min. Ya miƙo min takardar yana ta sosa ƙeya. Kwalbar shaida fes. Ruwan injin markaɗe, wanda bai taɓa ganin kifi ba, ya fito da kuromiyam da nikel abinsa. Kifin 'ya'yana kuwa babu su, sai ɗan abin da ake samu a kowane kifin kasuwa. Abin da ya cika matsefin numfashinsu da hantarsu jan ƙarfe ne, kuma jan ƙarfe shi ne abin da ke cikin shuɗin garin nan mai kashe gansakuka. Tsokar ba ta ɗauki wani abin kirki ba. Yaya ya shaƙe kifinsa da hannunsa don baƙi su ga siminti, baƙin ma ba su zo ba.

Kafin in bar ofis Inna ta kira ta ce tana son ganina bayan azahar. Na san Dakta ya kai ƙarata wurin Yaya, Yaya ya kai wurin Inna. Haka yake tun muna yara, in ya kasa ƙwace abu a hannuna sai ya je ya ɗauko ta.

Ɗakin Inna bai canza ba tun rasuwar Baba. Gadon ƙarfe da katifa biyu, kujera ɗaya mai hannu wadda ba mai zama a kai sai Yaya, ƙaramin firij a lungu yana gurnani, rediyo a kan taga an lulluɓe shi da ɗankwali. Yaya na kan kujerarsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmin na sheƙi. Na durƙusa na gaishe da Inna, na gaishe shi, ya amsa da hanci. Na zauna a tabarma.

Inna ba ta son doguwar magana. Ta ce ta ji an ce sa hannuna kaɗai ya rage a ƙwato wa Yayana haƙƙinsa, ni kuma ina jan ƙafa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma duk abin da ke tsakanina da shi, bai kamata bare ya gan mu a rana ba. Yaya ya ƙara da cewa shi dama ya san hassada ce, shekara goma sha bakwai mutum na wanke kwalba, rana ɗaya an ce ya yi abin da zai amfani danginsa ya tsaya yanga. Ya ciro biro mai ruwan zinare daga aljihu ya ajiye a kan tabarma gabana.

Na yi wa Inna bayani da harshen da za ta gane. Na ce in an ce a gano ko akwai gishiri a ruwan rijiya, sai aka ɗebo ruwan da kwanon da aka jiƙa gishiri a ciki, me aka gano? Ta ce an gano kwanon. Na ce to takardar Yaya ke nan, wuƙarsa da kwanonsa da injin Dakta aka auna. Na ajiye takardar Dakta a kan tabarma, na ciro tawa na nuna mata layukan, ko da yake ba ta karanta irin wannan rubutun. Na ce abin da ya kashe kifin shuɗin garin da Yaya ya zuba da kwano ne, kuma in na sa hannu a waccan, mutum goma za su rasa abin yi ranar Litinin a kan laifin da ba nasu ba, ni kuma na yi rantsuwar ƙarya.

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce Inna ta ji ikon Allah, Mai Wanki ta fi Dakta sani. Sannan ya ranƙwafo, yana ganin ya kama ni, ya ce in faɗa wa Inna a ina na samo kifin da na auna, tunda dai duk na gwajin wurin Dakta ya kai su da kansa.

Na ce, "Wanda ka aiko wa yarana su ci."

Dariyar ta tsaya. Inna ta dube ni, ta dube shi.

"Wane kifi ya aiko miki?"

"Guda biyu, ranar Litinin. A cikin leda mai zif."

Inna ta dubi firij ɗin da ke lungu. Sannan ta ce, a hankali, "Ni uku ya aiko min."

Sai a lokacin maganar direba ta dawo min, cewa yana da sauran wuraren zuwa. Ledoji shida na bayar, biyu suka zo gidana, kuma duk wayona ban taɓa tambayar kaina ina sauran suka nufa ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Kwana biyar ina fama da kwalabe, ban ɗaga waya na kira uwata ba.

"Na ci biyu," in ji Inna. "Har na sa maka albarka."

Yaya ya sauke ƙafarsa. Ya fara cewa ai waɗannan ba su mutu ba tukuna lokacin da aka kwashe su, da ransu, kuma wuta na kashe komai, kuma asara ce a zubar da irin wannan kifi, shi alheri ya yi niyya. Ya ce shi bai san Inna za ta ci da wuri haka ba. Maganar na fita yana jin yadda take, ya yi ƙoƙarin mayar da ita, ta ƙi komawa.

Na yi sauri na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ba abin da zai same ta, jan ƙarfen a hanta da matsefi ya taru, tsokar lafiya lau take, na auna da kaina. Ta ɗaga min hannu ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce ba wannan ta tambaya ba.

"Babba," ta ce, sunan da take kiransa da shi tun yana yaro. "Ranar da ka aiko min, ka yarda akwai gubar mutumin nan a ciki, ko ba ka yarda ba?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"In ka yarda, guba ka aiko wa uwarka. In ba ka yarda ba, ƙarya kake shirin yi wa bawan Allah, kake so 'yata ta rantse maka. Zaɓi ɗaya ka faɗa min."

Na zuba masa ido ina jira. Wannan mutumin da ya cika ɗakin taro da baki, wanda ya raɗa min suna a gaban masinja, sai ga shi yana kame-kame. Ya duba agogo. Ya gyara hula. Ya ce Inna ba za ta gane ba, abubuwan suna da sarƙaƙiya, sai dai Dakta ya zo ya yi mata bayani. Na taɓa zaton ranar da na ga Yaya a haka zan ji daɗi. Ban ji ba, sai wani irin ƙyanƙyami, irin wanda nake ji in na buɗe kwalba na tarar wani ya taɓa cikinta da yatsa.

Inna ta dafa gefen gado ta miƙe. Ta ɗauki biron zinaren daga kan tabarma ta jefa masa a cinya. Ta ɗauki takardar Dakta, ta duba layin da babu komai a kai, ta miƙo min ta ce in mayar wa mai ita yadda take. Daga nan ta taka zuwa lungu, tana jan ƙafarta mai ciwo, ta buɗe firij, ta ciro kifi na ukun. Yana nan a cikin ledata, ya daskare, idonsa fari. Ta kawo ta ɗora masa a kan babbar rigarsa, sanyin ledar ya fara jiƙa shaddar.

"Ga ragowar alherinka," ta ce. "Ka kai gida a dafa maka. Na ji an ce kun yi sabuwar tukunya."